Gahawa, shayi ko cakulan: da wanne za ka fara horar da harshenka?

Galibi abin yakan zo ne ba shiri. Wani ya miƙo maka finjalin gahawa, ka kurɓa, sai ka ji ƙamshin fure da ɗan tsamin lemo a inda ka saba jin ɗaci zalla. Ko ka gutsuri baƙin cakulan ka ji kamar an matse 'ya'yan itace a ciki, ka juya takardar ka ga ba a sa komai ba sai koko da sukari. Daga ranar hankalinka ya ƙi kwanciya. Kana so ka san daga ina wannan ɗanɗano ya fito, da kuma abin da ya hana ka jin sa shekara da shekaru.

Masu ɗanɗanon giyar inabi ne suka yi suna da wannan sha'awa, su ne kuma suka tsara mata ƙa'ida: a duba launi, a shinshina, a kurɓa, a rubuta. A 1984 wata malama a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, Ann Noble, ta zana wata da'ira da ta jera sunayen ƙamshin giya rukuni-rukuni, daga baya masu gahawa suka ari dabarar suka yi tasu. Wanda ba ya kusantar barasa bai yi asarar komai ba, domin horon da ake yi wa hanci da harshe iri ɗaya ne ko me aka zuba a kofin. Gahawa da shayi da cakulan, kowannensu ya isa ya cinye wa mutum shekaru yana koyo. Matsalar ita ce wanda ya kama ukun a lokaci guda yakan tashi a tutar babu: gida cike da fakitoci, baki bai koyi komai ba. Don haka zaɓi ɗaya za ka yi, aƙalla na shekarar farko.

Ma'aunin da za mu yi amfani da shi

Na farko kuɗi, kuma kashi biyu ne: na kayan aiki da za ka saya sau ɗaya, da na kayan ɗanɗanon da za ka riƙa saye muddin kana cikin harkar. Na biyu daɗewa, wato tsawon lokacin da abin zai zauna a hannunka bai lalace ba. Na uku sauƙi, kuma a nan abin da nake nufi shi ne yawan aikin hannunka da ke shiga tsakanin kayan da harshenka, don duk inda hannunka ya shiga, nan kuskure ke shiga. Na huɗu haɗari, na lafiya da na aljihu.

Akwai na biyar, wanda a wurina ya fi sauran nauyi: sau nawa za ka iya jera iri biyu ko uku a gabanka ka kwatanta su a zama ɗaya? Dalili shi ne harshe shi kaɗai abin da yake ganewa kaɗan ne. Zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri, sai na biyar irin daɗin romo da Kikunae Ikeda na Japan ya sa wa suna umami a 1908. Duk sauran, fure ne ko hayaƙi ko zuma, hanci ke kawo su, ta ƙamshin da ke tasowa daga maƙogwaro zuwa bayan hanci yayin da abu ke cikin baki. Ɗan Adam yana da ire-iren masu karɓar ƙamshi wajen 400 a hancinsa, amma riƙe ƙamshi a ka daga yau zuwa mako mai zuwa abu ne mai wuya. Shi ya sa wanda ya sha gahawar Kenya yau, ya sha ta Birazil bayan wata guda, zai ce maka duk gahawa ce. Ajiye masa su gefe da gefe, cikin minti goma zai fara cewa wannan ta fi tsami, waccan ta fi garɗi. Ƙwararru ma da haka suke gwada kansu: kofi uku, biyu iri ɗaya, ɗaya daban, a rufe suna a ce ka tsamo baren. Mai cinke yakan dace sau ɗaya cikin uku, saboda haka sai ka riƙa wuce haka akai-akai kafin ka yarda bakinka ya fara waye.

Gahawa

A cikin ukun, gahawa ce ta fi tsari. Duk inda ka je a duniya masu ɗanɗanonta hanya ɗaya suke bi, wadda ƙungiyar Specialty Coffee Association ta daɗe tana koyarwa: giram 8.25 na niƙaƙƙiyar gahawa a kofi, ruwa mililita 150 mai zafin digiri 93, a bar shi kamar minti 4, a fasa ɓawon da ya taru a sama da cokali ana shinshina, a yaye kumfar, sannan a ɗiba da cokali a zuƙa da ƙarfi har da ƙara don ruwan ya watsu ko'ina a baki. Ba ka bukatar wani injin dafawa don wannan. Kuma akwai maki: gahawar da ta samu 80 cikin 100 zuwa sama ita ake kira ta musamman. Da'irar ɗanɗanonta, wadda aka fara fitarwa a 1995 aka sabunta a 2016, tana ba sabon shiga kalmomin da zai fara da su. Amfanin wannan shi ne abin da ka rubuta a littafinka za ka iya gwada shi da abin da wani ya rubuta a wata nahiya.

Bambancin da ke tsakanin ire-irenta ma a fili yake, ba sai an yi ta laluɓe ba. Arabika, wadda asalinta tsaunukan Habasha ne kafin a fara noma ta a Yaman, ta fi ƙamshi da tsami. Robusta, wadda Biyetnam ta fi kowa nomawa, ta fi ɗaci da kauri, kuma sinadarin kafeyin ɗinta ya kusa ninka na arabika. A cikin arabikar ma, yadda aka sarrafa 'ya'yan yana sauya komai. Idan an bare naman an wanke ƙwayar kafin a shanya, gahawar kan fito garau, tsaminta tsaf, irin ta yankin Yirgacefe na Habasha mai ƙamshin fure. Idan an shanya ta cikin namanta kamar yadda ake yi a Harar ta Habasha, takan ɗauki zaƙin busassun 'ya'yan itace, wani lokaci har da ɗan tsimi. Bayan wannan sai suya: mai sauƙi tana barin halin ƙasar ya fito, mai duhu tana shafe shi ta bar ƙauri da ɗaci. Mai koyo ya guji mai duhu, don a can duk gahawa kamanninta ɗaya.

Inda gizo ke saƙar shi ne kayan aiki da lokaci. Dole ka mallaki injin niƙa mai kyau, irin wanda ke murƙushe ƙwaya tsakanin haƙora biyu ta fito daidai wa daida, ba mai wuƙa da ke sara ta gari da tsakuwa ba. Na hannu ya wadatar, amma ko shi ne abu mafi tsada da za ka saya a duk harkokin nan uku. Sai ƙaramin sikeli mai auna kashi ɗaya cikin goma na giram. Ba za ka iya kauce wa injin ba ta hanyar sayen niƙaƙƙiya, domin da zarar an niƙa gahawa ƙamshinta ya fara gudu, shi ya sa ƙa'idar ta ce kada a wuce minti 15 tsakanin niƙa da zuba ruwa. Ƙwayar ma bayan suya makonni kaɗan take yi tana kan ganiyarta. To, yi lissafi: fakitin giram 250 zai ba ka kofin gwaji 30. Ka sayi iri uku don kwatance, kana da kofi 90 da ya kamata ka shanye cikin wata ɗaya ko biyu. Kai kaɗai ba za ka iya ba. Mafita biyu ce, ko dai ku haɗa kai da abokai ku raba fakiti, ko ka ɗaure ta kashi-kashi inda iska ba ta shiga ka sa a firiza.

Haɗarinta barci ne da bugun zuciya. Hukumomin abinci na Amurka da na Turai sun yi ittifaki cewa miligiram 400 na kafeyin a rana ba ya cutar da baligi mai lafiya, kimanin kofi huɗu ke nan, mai juna biyu kuma ana shawartar ta tsaya a 200. Jiki kan ɗauki wajen awa 5 kafin ya fitar da rabinsa, saboda haka zaman gwaji da yamma rashin barci ne da dare. Ƙwararru tofarwa suke yi bayan sun zuƙa, kuma babu abin kunya a ciki. Ta fuskar aljihu, ka yi hattara da suna. Nau'in Gesha na Panama ya yi tashe tun 2004 lokacin da gonar Hacienda La Esmeralda ta ci gasa da shi, kuma lalle ya cancanci yabo, amma sayen sa a watan farko kamar ba jariri nama ne.

Shayi

Duk shayi na gaskiya daga tsiro guda yake, Camellia sinensis. Abin da ya raba shi gida shida a lissafin Sinawa, wato kore, fari, rawaya, ulon, baƙi da kuma tsimamme irin su fu'a na lardin Yunan, shi ne yadda aka bi da ganyen bayan an tsinko. Idan an gaggauta sa masa zafi kafin ya sha iska, ya zauna kore. Sinawa a kasko suke yi, shi ya sa shayin Lonjin na kusa da birnin Hanzhou ke da garɗi kamar soyayyen abu. Japanawa turarawa suke yi, sai koren shayinsu senca ya fito da ƙamshin ɗanyen ganye. Idan an murza ganyen an bar shi ya sha iska har ya yi duhu, kamar yadda tuffa ke yi bayan an yanka, ya zama baƙin shayi. Ulon yana tsakiya, kuma fagensa ne ya fi faɗi: daga mai ƙamshin fure na Anshi har zuwa gasasshe na duwatsun Wuyi, duka a lardin Fujiyan.

Ina ganin babu abin da ya kai shayi sauƙin kuɗi ga mai koyo, kuma ba don ganyen yana da araha ba. Mai kyau yana da tsada idan aka auna da kilo. Amma giram 5 ya isa zama guda, masu sayarwa da yawa suna yarda su ba ka ɗan samfuri na giram 10 ko 25, kuma ganye mai kyau ana jiƙa shi sau shida, sau takwas, kowane zubi da fuskarsa. Da ƙaramar tasa mai murfi wadda ake kira gaiwan, mai cin mililita 100 zuwa 120, ka zuba ruwa ka tsiyaye bayan daƙiƙa 15 ko 20, ka maimaita. A zama ɗaya ka ga yadda ƙamshi ke buɗewa, ya kai ƙololuwa, ya fara sauka. Wannan kansa darasi ne da gahawa ba ta bayarwa. Don kwatance kuwa akwai ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta jiƙa shayi, ISO 3103, wadda aka fara fitarwa a 1980: giram 2 a ruwa mililita 100 mai tafasa, minti 6. Da gangan aka tsananta ta don aibin ganye ya fito fili, saboda haka kada ka yi tsammanin daɗi daga kofin.

Ajiyarsa ma da dama-dama. Baƙin shayi da gasasshen ulon suna kai shekara biyu a gwangwani mai rufi. Koren shayi ne raggo, watanni shida zuwa shekara ya fara zama lami. Fu'a kuwa da tsufa yake ƙara daraja, ana ajiye shi shekaru gommai. Abokan gabansa haske, laima da ƙamshin maƙwabci: ka ajiye shi kusa da kayan yaji ko turare, cikin mako guda ya zama nasu.

Wahalarsa a wani wuri take. Na ɗaya ruwa. Ruwa mai yawan ma'adini ko warin sinadarin kashe ƙwayoyin cuta yakan kashe shayi murus, ya bar wani yana-yana a sama. Na biyu zafi: koren shayi yana son digiri 70 zuwa 80, ka zuba masa tafasasshe ya rama da ɗaci. Na uku, kuma shi ya fi sa mutane karaya, bambancinsa a ɓoye yake. Gahawa kan yi magana da ƙarfi, shayi raɗa yake yi, sai ka yi makonni kafin ka fara rabe ɗaci da bauri, alhali abubuwa biyu ne daban: ɗaci ɗanɗano ne, bauri kuwa wannan ɗaurewa da bushewar da kake ji a dasashi. Sannan babu tsarin maki guda da duniya ta amince da shi, kowace ƙasa da kalmominta.

Jabu ya fi yawa a nan. Darjilin, wani yankin tsaunuka a Indiya, yana da gonaki 87 kacal da aka yi wa rajista, kuma shayinsa ne kaya na farko da Indiya ta ba kariyar sunan yanki a 2004, daidai saboda yawan masu liƙa sunan a kan ganyen da bai taɓa ganin dutsen ba. Tsohon fu'a kuwa kasuwarsa ramin kura ce, sabon shiga ya bar ta sai ya yi ƙwari. Ta fannin lafiya, kafeyin ɗinsa bai kai na gahawa ba a kofi guda, amma zubi takwas suna taruwa. Sinadaran da ke kawo bauri suna rage yadda jiki ke tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci, don haka mai ƙarancin jini ya raba lokacin shayinsa da na cin abinci.

Cakulan

Wannan shi ne wanda ba ya neman komai daga gare ka. Babu niƙa, babu awo, babu ruwa. Ka ɓalla ka saurari ƙarar, ka shinshina, ka ɗora a harshe ka bar shi ya narke ba tare da tauna ba. Man koko yana narkewa a wajen digiri 34, ƙasa kaɗan da zafin jiki, shi ya sa ɗanɗanon ke fitowa daki-daki. Duk abin da ka ji aikin manomi ne da mai sarrafawa, ba kuskurenka ba. Kokon kwarin Sambirano na Madagaska yana da tsamin jajayen 'ya'yan itace wanda ko yaro zai gane, na Ekwado yakan karkata wajen fure, na Gana shi ne ɗanɗanon da yawancin mutane suka sani da sunan cakulan, tunda Gana da Kwaddebuwa ke noma fiye da rabin kokon duniya.

Abin da za ka nema shi ne sandar da aka rubuta ƙasa ko gonar da kokon ya fito, mai kayan haɗi biyu ko uku. Lambar da ke jiki, a ce kashi 70, tana faɗin yawan koko da mansa ne kawai, ragowar galibi sukari ne, ba ta cewa komai game da inganci. Amfaninta ɗaya: ka sayi masu lamba iri ɗaya don kwatancen ya yi adalci.

Sai dai kowane giram nasa ya fi tsada, tun ma kafin farashin koko ya haura dala 10,000 kan tan a 2024. Kuma zafi ne ajalinsa. Yana son digiri 15 zuwa 18, wuri busasshe. Ya narke ya sake daskarewa, sai ka ga fari-fari a jikinsa, santsin ya tafi ya koma gari-gari. Ba ya cutarwa, amma ba na gwaji ba ne kuma. Firji yana taimakawa idan an rufe shi ruf, kuma an bar sanyinsa ya sauka a cikin rufinsa kafin a buɗe. Baki ma yana saurin gajiya da maiƙo da zaƙi, bayan iri huɗu ko biyar komai ya zama ɗaya. Wani abu da ke rikitar da masu karanta takarda: kalmar "cocoa liquor" niƙaƙƙen koko ne kawai, babu barasa a ciki. Wanda ake zuba wa barasa shi ne irin mai ruwa a tsakiya, kuma akan rubuta. Kokon wasu yankunan Latin Amurka yana ɗaukar ƙarfen kadmiyum daga ƙasa, har Tarayyar Turai ta sa iyakar yawansa a cakulan daga 2019, amma ɗan gutsuren gwaji ba shi ne abin damuwa ba. Mai kare a gida ya ɓoye shi, guba ne gare su.

| Ma'auni | Gahawa | Shayi | Cakulan |
|---|---|---|---|
| Kayan aiki | Injin niƙa, sikeli, buta | Gaiwan, sikeli, buta | Babu |
| Kuɗin farawa | Mai yawa | Kaɗan | Kusan babu |
| Kuɗin kowane zama | Matsakaici | Kaɗan | Mai yawa |
| Daɗewa | Makonni bayan suya | Watanni 6 zuwa shekaru | Shekara ko fiye, in akwai sanyi |
| Kuskuren hannu | Niƙa da awo | Ruwa da zafi | Ajiya kawai |
| Saurin gane bambanci | Da wuri | A hankali | Nan take |
| Tsarin maki na bai-ɗaya | Akwai, mai ƙarfi | Babu guda ɗaya | Yana tasowa |
| Babban haɗari | Rashin barci | Jabu | Zafi da sukari |

Wa ya dace da wanne

Idan kai mai son awo ne da rubutu, kana jin daɗin ka ga lamba ta tabbatar da abin da bakinka ya faɗa, kuma kana da mutum biyu ko uku da za ku raba fakiti, kama gahawa. Haka nan idan kana hangen wata rana abin ya zama sana'a, domin ita ce ke da jarrabawa da shaidar ƙwarewa da aka sani a ko'ina. Ka sa kuɗinka a injin niƙa tukuna, ka fara da wankakkiyar Habasha da ta Birazil gefe da gefe.

Idan kai kaɗai ne, aljihu ba nauyi, kuma kana da haƙuri, shayi ne naka, kuma shi zan zaɓar wa yawancin masu tambaya. Da kuɗin fakitin gahawa biyu za ka tara samfuri shida, ɗaya daga kowane gida, su jira ka har ka samu lokaci. Sharaɗi ɗaya ne, ka tabbatar da ruwanka kafin ka zargi ganyen.

Idan kafeyin yana wahalar da kai, ko lokacinka minti goma ne a rana, ko kana so iyali su zauna tare da kai a kan faranti guda, cakulan ya fi, muddin kana da wurin ajiya mai sanyi da ba ya yankewa. Wanda ke zaune inda zafi ke da yawa kuma ba shi da wannan, ya haƙura da shi, ko ya riƙa sayen sanda biyu kacal ya gama da su a mako.

Mai ciwon sukari ya cire cakulan daga lissafi ko ya tsaya a kan mai kashi 85 zuwa sama bayan ya ji ta bakin likitansa. Mai hawan jini, mai matsalar bugun zuciya da mai juna biyu su yi wa likita tambaya iri ɗaya game da gahawa. Wanda kuma har yanzu bai tabbata sha'awar za ta ɗore ba, kada ya sayi kayan aiki ko ɗaya: ya nemi sandar cakulan ta Madagaska da ta Gana masu kashi 70, ya sa wani ya gutsura masa uku a rufe, ya ga ko zai tsamo baren.